Tsibirin da Ya Faɗa Bakin Taswira

Ranar da ya fara shigowa ofishinsu ya tarar ta zabga tagumi gaban kwamfuta, layukan tsaye na taswirar da take haɗawa da kod, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, sun cukurkuɗe. Ma'aikacin auna yanayi ne, taswirar tashoshinsu na teku ya zo karɓa.

"Kwamfutar ce ta ɓata miki rai, ko ni?"

"Ku biyun."

Tun daga nan yake ce mata Mai Layi, ita kuma tana ce masa Hadarina. So ya yi musu mugun kamu.

Ana shirin turo manya aka mayar da shi aiki wani ɗan tsibiri mai nisan gaske. Babanta ya ce, "Nuna min inda zai kai ki."

Ta buga taswirar duniya ta kawo. Ashe tsibirin kan layin ƙarshe yake, inda gefen dama ke ƙarewa na hagu ya fara. Kod ɗin ya haɗiye shi, sai wani dogon layi da ya keta takardar.

"Ina garin?"

"Yana nan, Baba, layukan ne..."

"Inda taswirarki ma ba ta sani ba? Ba da 'yata ba."

Yayarta ta shiga yi mata tallan mai kantin maganin layinsu, wai shi ko da ƙafa a je gidansa. Ta gyara kod, ta sake gyarawa, tsibiri ya ƙi fitowa. Abinci ya daina shiga, ta rame ta yi zuru-zuru.

Sai ga saƙonsa: "Mai Layi, in ya gagara ki bi maganar Baba. Ba zan riƙe ki ba."

Ta ci kuka, a zatonta ya gaji ne. Ta rubuta: "Har ka sallama ni, Hadarina?"

"Wallahi ban iya ba. Tausayinki nake ji."

Ranar ta ƙyale layukan, ta ɗauki tsakiyar taswirar kacokan ta ɗora kan tsibirin. Ya fito ras. Ta buga ta kai wa Baba.

Baba ya gyara tabarau. "To mu muna ina?"

"Can baki, Baba. Rabinmu dama, rabinmu hagu."

Ya daɗe yana shafa gefen takardar, idonsa ya ciko. "Ki ce ya turo."

Aka ɗaura aure, Baba ya sa musu albarka. Taswirar tana manne a bangon ɗakinsa har yau. Kullum da safe sai ya ɗora yatsa a tsakiyarta ya yi musu addu'a.