Kwamfutar Da Ke Hawa Kabu-kabu

"Aje ta, Goggo!"

Khairiyya ce ta faɗa daga bakin zaure, ko jakar makaranta ba ta sauke ba.

Tsakar gidan kakanta Alhaji Mode da ke Wurno cike yake da mata. Faifai biyu ne a kan tabarma. Ɗaya na ɗauke da ƙatuwar kwamfuta mai sheƙi, ɗaya kuma da wata 'yar baƙa da ba ta fi farantin shayi ba, gefenta har da ƙarzuwa.

Goggo Habi, ƙanwar marigayi mahaifinta, ta ɗaga ƙaramar da yatsu biyu.

"Mi zan aje, ɗiyata? Toshi ba a ɓoye shi! Tun hantsi nike zagaya dangi da su. Wagga babbar, Khalid ɗan dillalin hatsi ya aiko da ita daga Sakkwato, cikin kwalinta. Wagga kau ta mai albasar Rimawa... Wata har tambayata ta yi, wai ko babbar ta haihe ta bisa hanya!"

Gida ya kaure da shewa.

Wanda bai san matan Wurno ba zai ce Khairiyya kuka za ta yi. Ina! Jinin Mode ba ya zubar da hawaye a gaban taro. Ta tako, ta karɓe abarta daga hannun Goggo, ta share ta da bakin hijabi.

"Ni na zaɓe ta," ta ce. "Da hannuna."

Gaskiya ta faɗa. Malama ce a wata makarantar 'yan mata a Rabah, kullum a bayan babur ɗin kabu-kabu take zuwa ta dawo. Abin da ke cin ranta shi ne ɗalibanta. Yara masu kai, amma jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yin ta yanzu, su kuwa ko taɓa ta ba su taɓa yi ba. Ranar jarrabawa sai su rikice, karatun ya gudu.

Ta faɗa wa saurayinta Nasrullahi, mai albasar Rimawa, wannan sau ɗaya tak. Ran kasuwar Goronyo sai ga shi ya zo ya ce ta shirya. A shagon masu sayar da kwamfutoci na hannu, mai shago ya yi ta tura musu manya masu ƙyalli. Ita ko kallo ba su ishe ta ba. Ta tambayi wadda batirinta ke kai yini, tunda wuta sai ta ga dama take zuwa. Ta danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ta tabbata babu mai maƙalewa. Ta tambaya ko sola na yi mata caji. A ƙarshe ta zura ta a jaka, ta rataya, ta yi tafiya har bakin titi ta dawo.

"Wagga," ta ce.

Nasrullahi ya biya yana murmushi kamar shi aka saya wa.

Kuskurensa ɗaya ne. Da yake ɗan mutunci ne, ya ƙi miƙa mata a hanya, ya aiko da ita gida ta hannun manya. Abin da ya shiga hannun manya kuwa ya zama toshi, toshi kuma sai dangi sun gani. Goggo Habi, da tuni ta ci goron Khalid, tana jin labari ta aika masa. Kafin mako ya zagayo babbar ta iso.

Bayan la'asar aka yi sallama da Khairiyya. Nasrullahi ne a ƙofar gida, ƙafafunsa da sauran lakar fadama, idanunsa jajur.

"Ba ni ita, Khairi."

"Mi za ka yi da ita?"

"Maishe ta zan yi. Labari ya kai har Rimawa, ana ce mani mai kwamfutar goyo. Na yi magana da mai son injina na ban-ruwa. Gobe war haka kin ga wadda ta hi ta Khalid girma!"

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Injin da ka shayar da albasa?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, shi ya ba ka injin! Nasru, dube ni... Dariyar mata za ta sa ka kashe garkarka?"

"Ba ni son a rena ki sabili da ni, hasken raina."

"Wa ya rena ni? Ka ga alamar wadda anka rena?" Muryarta ta ɗan karye, ta yi maza ta gyara. "Kai kaɗai ka tambaye ni mi nike so. In ka saida injin ga, ka nuna ba ni ka ji ba, Goggo ka ji. Ranar kau kada ka sake sallama da ni."

Sai ga mota ta tsaya. Khalid ya fito cikin shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

"A'a, manomi! An zo ɗaukar jaririya?"

Daga cikin zaure aka yi gyaran murya irin wadda unguwa duk ta sani.

"Ku shigo, ku duka! Habi, kawo hwaihwan ga!"

Alhaji Mode na kishingiɗe a kan buzu. Shi ya riƙi Khairiyya tun tana rarrafe, kuma maganar aurenta a bakinsa take. Ya shafa babbar kwamfutar, ya jinjina kai.

"Ni Mode, komi nawa babba na! Sana babba, rumbuna babba. Amaryata, ke da anka kawo ma giwa, mi za ki yi da bushiya?"

Goggo Habi ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Khairiyya ba ta sunkuyar da kai ba.

"Angona, ɗaga ta ka ji."

Tsohon ya ɗaga, ya yi nishi, ya ajiye.

"Kai! Wagga ai rabin buhu ta! To kai yaro, ƙaƙa za ta riƙa ta bisa kabu-kabu har Rabah?"

Khalid ya yi dariya.

"Rabah kuma, Baba? Ai matata ba ta hawan kabu-kabu. Wagga ta ɗaki ta, ta kalli abin da take so cikin sanyi. Koyarwar ga ai wahala ta sa, da an ɗaura an gama da ita."



Alhaji Mode ya tashi zaune a hankali. Ya gyara hula.

"Wahala ta sa?"

"Ina nuhin..."

"Yi kurum! Ka san wa ag gabanka? Shekarar da ruwa ya ci garuruwa, ya ci gidana, ya ci gerona, ni bai ci ni ba! Bisa icce na kwana da ɗiyar ga ɗaure ga bayana. Sa guda ya rage mani duniya, na saishe shi na maida ta makaranta. Ni ko sunana ba ni iya rubutawa, amma yau in na shiga Rabah, tashi a kai a ba ni wuri, a ce ga kakan Malama! Karatun ga za ka naɗe ka sa ɗaki?"

"Baba, hutu nike so mata..."

"Ka tambaye ta ta gaji?"

Khalid ya dubi Goggo Habi. Goggo Habi ta dubi rufin zaure.

Tsohon ya juya ga Nasrullahi.

"Kai kuma, mai laka, mi ya sa ka sawo ƙarama? Rowa?"

"Ita ta zaɓa, Baba. Ni rakiya na yi." Ya ɗago kai. "Kuma in kun ba ni ita, ba ta sake biyan kabu-kabu. Ni ka kai ta bisa babur, ni ka ɗauko ta, ko ranar cirar albasa ta."

"Injin hwa?" in ji Khairiyya, ba ta ko dube shi ba.

"Yana garka, Khairi. Can zai tsuhwa."

Sai a sannan ta yi murmushi. Ta durƙusa gaban kakanta, ta ɗauki faifan ƙaramar, ta rungume a ƙirji. Alhaji Mode ya tura ɗayan da ƙafa zuwa wajen ɗiyarsa.

"Habi, yadda kinka zagaya dangi da ita, haka za ki maishe ta. Ki haɗa da goron." Ya dubi jikarsa, idonsa ya ciko, ya fake da tari. "Ke kau na sake ki, saki uku! Tahi ga mai albasa, dama kin cika tsada."

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure. Da aka kai amarya Rimawa, Nasrullahi ya ɗaga mayafinta.

"Malamata... ni ma za ki koya mani?"

"Sai ka wanke hannu tukuna, abin ƙaunata. Ba a taɓa mani ita da laka."

Yanzu 'yan matan Rabah layi suke yi a kan 'yar baƙar nan, kowace ta danna ta ba ta baya. Alhaji Mode kuwa, duk wanda ya zauna kusa da buzunsa sai ya sha labari.

"Kwamhutar ga? Ni na zaɓe ta! Kallo guda na yi mata na ce ita ta. Wa ya san kwamhuta ƙasar ga in ba Mode ba?"