Lanƙwasa a Kan Kara

Ranar da Rumaisa ta fara ganin Ishaq, tsawa ta daka masa kafin ya gama sallama.

"Kai na ka sa min manhajar ga?"

Shi ne kuwa. Daga Bakura ya zo shagonta na buga takardu a Talata Mafara tana gida, ya saka manhajar rubutu mai yi wa haruffa lanƙwasa da kanta. Littafin manhajar ya ce a cire alamar wani ɗan akwati, za ta daina. Rumaisa ta cire, manhajar ta yi kunnen uwar shegu.

Abin haushin, wasiƙar mahaifinta ta ɓata. Malam Balarabe ya sa ta rubuta wa amininsa Yari na Maradun: "Maganar iyakar gona, kara zan yi." Nufinsa ya bar masa. Takarda ta isa da "ƙara zan yi." Yari ya aiko cewa su haɗu gaban alƙali, ya daina ɗaukar waya. Amincin shekara talatin ke shirin rushewa, kuma ta hannunta.

"Ba ki cire daidai ba ne," in ji Ishaq.

"To, zauna ka cire, malamin kwamfuta."

Ya cire, ya rubuta kara, lanƙwasa ta fito. Sau biyar. Gumi ya karyo masa.

"Littafin ya ce..."

"Littafin za ya tafi Maradun ya ba da haƙuri?"

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, laifina ne. Ban gwada ba kafin in ba ki."

Ta mayar: "Ba sunana ke nan ba. Kar ka sake."

Ya sake, kullum. Haushinsa take ji sosai, amma takan duba wayar.

Ran nan Ishaq ya ɗauki kwamfuta ya hau mashin sai Maradun. Yari ya shanya shi a rana, sannan ya ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya, yaro."

"Baba, rubuta kara da hannunka."

Tsoho ya danna harafi huɗu da yatsa ɗaya, ya ga abin da idonsa. Ya ce a miƙo masa waya, ya kira Malam Balarabe.

Rumaisa ta rubuta: "Na gode. Har yanzu aikinka bai da kyau."

"Na yarda, Gimbiya."

Ba ta hana shi sunan ba. Bayan wata huɗu ta daina ɓoye wa kanta cewa tana son shi.

Da Ishaq ya aiko neman aurenta, Malam Balarabe ya ƙi. "Wanda ya kusa raba ni da Yari za ni ba ɗiyata?"

Sai ga Yari da kansa a zaure. "Balarabe, ni da kai munka yarda da takarda, munka manta juna. Yaron ga ya tako. Ni ne wakilinshi, hana ni in gani."

Aka ɗaura aure bayan Juma'a. Yari ya nema, Balarabe ya bayar. Allah ya ba su zaman lafiya.