Babur Ɗin Ƙanƙara a Danau Kota

Ƙarfe goma na safiyar Asabar, Insfekta Azhar bin Mat Isa ya karanta rahoton, ya goge tabarau, ya sake karantawa. Wai an sace babur ɗin ƙanƙara. A Kuala Lumpur, garin da gumi ke bin mutum har cikin wanka.

Wata tara ke nan Azhar bai sa iyalinsa a ido ba. Suna can Padang Besar, bakin iyakar Thailand, dokar hana tsallaka jihohi saboda annoba ta raba su. A ofis yake ci, a ofis yake gyangyaɗi. Don haka ko aikin dariya ne, maraba yake da shi.

A wurin ajiye motoci na ƙasan wani dogon bene a Danau Kota ya tarar da mai ƙara, zaune a kan tsohuwar taya. Sunansa Zulkiflu, mutumin Haɗeja, ɗalibin digirin digirgir a injiniyancin noma. Da Turanci suka yi magana, ana tsarma Malayanci.

"Encik Zulkiflu, ina ka ga ƙanƙara a ƙasar nan?"

"Ba don ƙanƙara ba ne, Tuan. Don taɓo ne. Ba shi da taya, faffaɗan bel ne a baya, ba ya nutsewa. A fadamarmu a ka ake fito da shinkafa, mota ba ta shiga. Shi nake gyarawa, ina gwaji a gonakin Sekinchan."

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

"Jiya, kafin in tafi Juma'a. Tuan, babur ɗin ya tafi ya tafi. Amma akwai wata baƙar na'ura a ƙarƙashin kujera, ba ta fi tafin hannu ba. Awon gwajina na ƙarshe yana ciki, ban kwashe ba, kwamfutata na wajen gyara. Ranar Alhamis zan miƙa aikina. In ban miƙa ba, tallafina ya ƙare, sai wata shekarar."

Ya juyo da wayarsa. Hoton wata yarinya ce mai haƙora huɗu.

"Zuhra. Uwarta ta tafi gida haihuwar fari, aka rufe duniya. Ban taɓa ɗaukarta ba."

Azhar ya tsuguna yana duban siminti. Babu karce ko ɗaya, sai siraran sawun ƙananan tayoyi guda uku da suka nufi ƙofa.

"Yaya kake fitar da shi?"

"Da katako, da ƙarti huɗu."

"To wanda ya ɗauka mutum ɗaya ne, kuma yana da tayoyin da ake ɗora irinsa. Ya san kan abin. Ina ka saye shi?"

Suka hau hawa na goma sha huɗu. Gidan shiru, gadon jariri a jingine da bango, ledarsa ma ba a cire ba. Zulkiflu ya ɗauko rasit.

"Da a nan na yi oda, haraji zai ninka kuɗin. Abokina Abdulwahidu ya ce a Hat Yai ana samun na hannu a rabin farashi. Shi ya yi komai, har ƙofa aka kawo mini."

Azhar ya duba takardar. Rubutun Thai ne, da hatimi, da kwanan wata: Yuni 2020. Ya ɗan murmusa a bayan takunkumi.

"Ina takardar kwastan?"

"Ya ce tana wajen direba."

"Ina zan sami wannan aboki?"

"Tuan, ba shi ba ne! Da cutar nan ta kama ni, kwana goma sha huɗu yana rataye mini abinci a ƙofa. Ba ni da kowa a garin nan sai shi."

"Ni dai adireshi na tambaya."

Ɗakin Abdulwahidu yana saman wani shagon busasshen kifi a Chow Kit. Dogo ne, mai saurin dariya, ya gama karatu shekara uku da suka wuce bai koma gida ba.

"Innalillahi! An sace? Ai Dakta Zulkiflu zai zauce. Zauna, Tuan. Sudah makan? Ka ci abinci?"

"Na ci. Wane shago ne a Hat Yai?"

"Wani ɗan Thai ne na sani ta waya. Lambarsa ta daina shiga lah."

"Yaushe rabonka da Danau Kota?"

"Kwana goma, wallahi. Jiya ma a nan Kampung Baru na yi Juma'a."

"Me kake yi yanzu?"

"Buga-buga. Abin da ya samu."

Azhar ya miƙe zai fita, ya tura ƙofa, sai ya tsaya. A bayanta an rataye wata ƙatuwar rigar sanyi mai kauri, da safar hannu irin ta masu shiga ɗakin daskarar da nama.

"Sanyi kake ji a Chow Kit?"

Dariyar ta ɗan makara. "Ta wani ce, ajiya ya ba ni."

Yana saukowa wayarsa ta yi ƙara. Zulkiflu ne.

"Tuan, an ga na'urar! A masallacin benenmu!"

Ɗan ƙaramin masallaci ne a hawa na biyu, an lilliƙa tef a ƙasa don tazarar sahu. Dattijon da ke kula da shi ya nuna kantar Alƙur'anai. Nan ya tsinci na'urar bayan sallar Azahar, an naɗe ta a sabuwar leda, an ɗaure bakin tam don kada ruwa ya taɓa ta.

"'Yan Najeriya haka suke," in ji dattijon. "Duk abin tsintuwa nan suke kawowa a yi cigiya."

Ɓarawon da ke tausayin awon shinkafa. Azhar ya waiga bakin ƙofa, inda aka ajiye tebur da na'urar auna zafin jiki da littafin masu shiga. Tun da annoba ta zo, ba mai taka darduma sai ya rubuta suna da lambar waya. Dattijon kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Ya buɗe shafin yau. Layi na shida, ƙarfe sha ɗaya da kwata: Abdulwahidu.

Bai faɗa wa Zulkiflu ba. Ya koma mota yana tuna rigar sanyin nan, ya buga waya uku, yana tambayar wuraren wasan ƙanƙara na cikin manyan kantuna. A na uku aka ce masa ranar Litinin za su buɗe bayan dogon rufi, kuma makanikensu ɗan Afirka ne, shi kaɗai ke da mukullin sito.

Da la'asar Azhar ya shiga wurin da kurata biyu, Zulkiflu na biye. Injinan sanyi sun fara aiki, numfashi na fita fari. Babura uku ne a jere. Abdulwahidu na durƙushe gaban na ƙarshe cikin rigar nan mai kauri, yana wanke bel da buroshi. Ƙananan tayoyi uku na gefensa.

Azhar ya sa yatsa a cikin bel ɗin, ya zaro busasshen taɓo da ƙwayar shinkafa biyu. Ya ɗora su a tafin hannu.

"A ƙanƙara ta tsiro?"

Abdulwahidu ya tsayar da buroshin.

"Ni ɗan bakin iyaka ne. Tun ina yaro nake sayayya a Hat Yai. Mutanen can da shekararsu suke rubutu, wannan rasit 2563 ya kamata ya ce, ba 2020 ba. Babur ɗin nan bai taɓa ganin Thailand ba. Daga siton nan ya fita, ka sayar wa abokinka, da aka ce za a buɗe ka sato shi ka dawo da shi."

Abdulwahidu ya ajiye buroshin a hankali.

"Haka ne, Tuan. Da aka rufe aka daina biyanmu. Na ɗauka wurin ya mutu ke nan. Shekaranjiya manaja ta ce Litinin za ta zo ganin kaya."

"Me ya kai ka masallaci? Da ka jefa na'urar a kwata, da ban kama ka yau ba."

Abdulwahidu ya juya ga Zulkiflu, ya koma Hausa.

"Dakta, sai da na zo wankewa na gan ta. Na tuna Alhamis."

"Ka ci amanata, Abdulwahidu."

"Na ci. Amma ka miƙa aikin nan, don Allah. Ka je ka ɗauki 'yarka."

Azhar bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dai jira suka gama, sannan ya yi wa kurata alama. Aka cire wa Abdulwahidu rigar sanyin, aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Zulkiflu ya tsaya riƙe da ledar a ƙirji, haƙoransa na kaɗawa.

"Tuan, ita ma za ku karɓe ta shaida?"

Azhar ya dubi ledar, ya tuna gadon da ke jingine da bango.

"Ka kwashe awonka yau, ka kawo mini ita ranar Juma'a. Boleh? Ka yarda?"

"Boleh, Tuan. Na gode." Ya waiwayi ƙofar da aka fita da Abdulwahidu. "A ina za a tsare shi? Ba ya iya cin abincin nan mai yaji da zaƙi."

Azhar ya yage takarda ya rubuta masa sunan ofishin.

"Ƙarfe shida ake karɓar abinci," ya ce. "Ka miƙa a ƙofa."