Kakan Aro

"Sake min mayafi, Allayar! Ko so kake in kira ka Yaya a gaban jama'a?"

Akmaral ce ke wannan ihun a bayan gidansu da ke garin Kungrad, kusa da iyakar Kazakistan, dab da tanderun burodi, idanu sun kaɗa jawur. Matan unguwa kuwa, ranar kowacce ta tuna tana da shanya a jikin katanga.

"Masoyiyata, ki tsaya ki ji..."

"Masoyiyar wa? Ai ƙanwarka ce ni yanzu! Takarda ta faɗa, har da hatimi!"

Bari ku ji inda gizo ya yi saƙar. Shekara biyu Allayar yana tsallakawa Kazakistan neman aiki a rijiyoyin mai. Duk ƙofar da ya buga sai a ce ina izinin aiki, kwanakin zaman da aka ba shi su ƙare ya dawo da jakarsa. Har wani mai harhaɗa takardu a bakin tasha ya raɗa masa cewa wanda ya nuna kakansa Bakazake ne ya huta da neman izini, har ɗan ƙasa zai zama. Shi kuwa ɗan ƙabilar Karakalpak ne gaba da baya. Da aka ce kawo suna, sai wawan ya kawo sunan Bakazake ɗaya tilo da ya haddace, wanda yake ji kullum a wajen shan shayi: marigayi Jumabay ɗan Esen, kakan Akmaral.

Yau da hantsi baffanninsa suka zo neman aure. Mahaifinta Serikbay ya ce da me yaron zai ciyar da ita? Gogan ya zaro takardar nan da alfahari ya shimfiɗa kusa da akushin nama. Bai zaci za a karanta ƙananan rubutun ba. Serikbay ya saƙala tabarau, ya karanta, ya ture akushin.

"Wannan ubana ne. Mu ko kaka na bakwai aka haɗa ba a aure, balle na farko. Ku tashi."

Shi ne fa Akmaral ta fito baya tana huci, Allayar ya biyo ta.

"Wallahi don ke na yi! Kin san nan ba aiki, ruwa gishiri, ƙasa gishiri. In aure ki in ba ki me?"

"Duk matattun da ke maƙabarta ba ka ga wanda za ka ɗauka ba sai nawa?"

"Shi kaɗai na iya har da sunan ubansa..."

"Naka fa? Kakannin naka bakwai ɗin ka iya su?"

Ya sosa ƙeya. Abin da ya fi ƙona mata rai, ko a hakan kyau ya yi mata. Shekara huɗu tana korar manema saboda wannan mai kunnuwan, ga shi ya je ya saye mata haramci da kuɗinsa!

Ba su ankara ba sai ga ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Kaka Ulbosin ce, matar marigayin, Serikbay da baƙi na biye da ita.

"Ina jikan nawa? Zo nan, ɗan albarka! Shekara arba'in da ɗaya ina kwana da mutumin nan, ashe yana da wani gida ban sani ba? Faɗa min sunan kakar taka in je in tone ta!"

"Kaka, ƙarya ce, ki yi haƙuri..."

"Ƙarya? To ka je can ka faɗa wa masu hatimi!"

Serikbay ya miƙo masa takardar da yatsu biyu kamar mushen ɓera. "Zaɓi ɗaya, yaro. In takardar gaskiya ce, ɗan ɗan'uwana ne kai, ka je ka ci aikinka, Allah ya ba da sa'a. In ƙarya ce, ba na son ganinta a duniya."

Allayar ya karɓa. Wahalarsa ta shekara biyu ce a cikin takardar, da kuɗin babur ɗin da ya sayar. Akmaral ta kau da kai. Ta rantse a ranta ba za ta roƙe shi ba ko za ta mutu.

Sai ta ji ƙauri. Ta juyo, takardar na ci a cikin tanderu.

"Ni Allayar ne ɗan Polat," ya ce, "ɗan Aytmurat, ɗan Kallibek, ɗan... ɗan..."

"Ɗan Turemurat, sakarai!" Kaka ta daka masa tsawa. "Wanda ya saci raƙumin kakana ya mayar da shi don ya cika ci! Ɗan Seyit mai ido ɗaya, ɗan Nurjan, ɗan Berdi. Ba mu haɗa ko kaza da ku ba, alhamdulillahi!"

Bayan katanga wata ta kasa riƙe dariya. Serikbay ya gyara hula ya ce nama na hucewa, baƙi suka bi shi ciki.

Allayar ya tsaya yana kallon toka. "Shi ke nan. Na same ki, na rasa abin ciyar da ke."

Akmaral ta matso, ta kai masa duka a ƙirji, hawaye na zuba.

"Kai dai an yi dolo! Jumabay ɗin kakan wa ne? Nawa ne, na gaske, takardarsa na cikin akwatin Kaka! Ni zan je in nemi izinin da jinina, kai ka biyo ni a matsayin miji. Da ka tambaye ni tun farko, da babur ɗinka na nan!"

Ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Wato... ni za a rubuta a ƙarƙashin sunanki?"

"A ƙasa can, da ƙananan rubutu," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Kuma wannan karon ka karanta."