Tallar da Zuleha Ta Yi a Ƙofar Baya

Gawayi na fita saye. Shi kaɗai ya raba ni da shago ran nan, rana tana shirin faɗuwa.

Gidan abinci gare mu a unguwar Akwatialine. Tuwon zafi da miyar ayoyo, wato ganyen lalo, shi muka iya. Mahaifiyata Hajiya Barkisu ta kafa gidan. Yanzu 'yata Zuleha ke riƙe da tukunya, ni kuwa ina zaune bakin ƙofa ina ganin mai shiga da mai fita. Ita ta kawo zancen bidiyon talla. Ta ce masu abinci na kasuwar Kejetia duk ta waya suke samun ciniki, mu sai wanda ƙamshi ya jawo. Na yi shiru. Ta ɗauki shirun nan a kan na yarda.

Mai ɗaukar bidiyon Sadick ne sunansa, mutumin unguwar Moshi Zango, magidanci mai fara'a da yawan magana. Ya zo tun hantsi da kyamara mai ƙafa uku, da fitila, da wani ɗan abin magana da ya maƙala wa Zuleha a wuyan riga. Abin da za ta faɗa kaɗan ne. Ta tsaya a ƙofa, ta yi murmushi, ta ce, "Ku shigo, kowa da kowa. Gidanku ne, akwai wuri."

Aikin ya ƙi. Ana farawa aka ɗauke wuta. Wuta ta dawo, ruwa ya sauko. Ruwa ya tsaya, masu keke mai ƙafa uku suka cika titi da hon, mai waldar da shagonsa ke kallon namu ya kunna injinsa. Duk sanda ta buɗe baki sai wani abu ya taka maganar. Sadick yana dariya yana cewa haka aikin yake, amma na ga dariyar tana gajiya. A haka na bar su.

Shagon yana da ƙofar baya. Tana buɗewa cikin wani siririn lungu da ya gangara har babbar kwata, inda mahauta suke yanka a zamanin da. Mahaifiyata ta bar mana doka a kan ƙofar nan. Daga sanda rana ta yi ja har a idar da sallar magariba, a rufe take. Kuma a wannan lokacin ba a ce wa kowa ya shigo sai an ga fuskarsa. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Zuleha ta taso da dokar, amma a wurinta zancen kaka ne.

Na dawo da ƙullin gawayi a hannu. Sama ta yi ja. Ƙofar gaba a saye take. Tun daga nan na jiyo muryar Zuleha, daga can baya.

"Ku shigo, kowa da kowa."

Na saki gawayin.

Daga baya Sadick ya gaya mini dabararsa ce. Lungun shiru, ga hasken faɗuwar rana yana zuba cikinsa kamar manja. Ya ce bai taɓa ganin haske mai kyau haka ba. Ya sa ta maimaita, ta maimaita, yana neman wanda ya fi.

Da na shiga, warin na fara ji. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da tsohon jini. Ya danne ƙamshin daddawa, ya danne hayaƙin murhu. Ƙofar baya a buɗe take wangwam, Zuleha tana tsaye a bakinta. Ɗakin cin abinci babu kowa, bencuna ne kawai da tebura. Sadick yana tsaye bayan kyamararsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Bai gaishe ni ba. Ya zare abin jin magana daga kunnensa ya miƙo mini.

"Baba, ku saurara," ya ce da raɗa.

Na sa a kunne. Tafiya na ji. Ƙafafu ba takalmi, jiƙaƙƙu, suna manne wa siminti suna ɗagowa. Da yawa. Sai numfashi. Sai Zuleha ta sake faɗin maganarta, wasu muryoyi kuma suka amsa ƙasa-ƙasa, tare, kamar masu amsa addu'a.

"Mun shigo."

Na leƙa ɗan gilashin kyamarar. Bencunan nan da idona ya gani babu kowa, a gilashin cike suke. Mutane a jere, kafaɗa da kafaɗa, tufafinsu suna ɗigar ruwa. Fuskokin ne ba su fito ba. Kamar an goge su da babban yatsa.

Na ce ya kashe. Ya ce ya danna, ta ƙi. Ya nuna mini batirin a tafin hannunsa, ya riga ya cire. Amma jar wutar kyamarar tana nan a kunne.

Zuleha ta bar ƙofa ta nufi tukunya. Tana kwasar tuwo, tana zuba miya, tana ajiyewa gaban bencin da babu kowa. Kwano yana taɓa tebur sai tururinsa ya ɗauke. Malmalar ta motse, ta yi baƙi. Idonta ba ya ƙiftawa. Murmushin tallar yana nan a bakinta.

Na kira sunanta.

"Baba, baƙi gare mu," ta ce, ba ta dube ni ba.

Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Harshena ya yi nauyi, na rasa inda na tsaya, na koma farko.

Benci ɗaya ya yi ƙara. Sai na kusa da shi. Suna tashi.

A kunnena wata murya ta yi magana, tsohuwar murya, mai ladabi.

"Wadda ta kira, ita za ta raka."

Zuleha ta ajiye ludayi. Ta ja mayafinta ta gyara. Ta nufi ƙofar baya.

Na cafke ta a wuyan hannu. Sanyi kamar kifin firji. Ta ja ni har takalmina yana gogar siminti, ni da na yi ƙuruciyata ina kayar da shanu. Ƙafarta ɗaya ta riga ta hau dokin ƙofa. Na san in ta sauka lungun nan ba ni da 'ya.

Ban iya magana mai tsawo ba. Na dubi ɗakin da babu kowa na ce, "Ni ne mai gidan nan. In mai gida yana nan, ba a tura yarinya rakiya. Ni zan raka ku."



Ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi.

Hannunta ya saki. Ta sulale ƙasa, Sadick ya tare ta. Na ce masa ya sa sakata bayana, kada ya buɗe wa kowa sai ya ga fuska. Ko da muryata ya ji.

Na sauka lungun.

Ba sai da abin kunne ba yanzu. Ina jin su gaba da baya, dama da hagu. Rigar wani tana gogar hannuna, jiƙe. Lungun da na sani gajere ne. Ran nan ya ƙi ƙarewa. Babu kukan yaro, babu rediyon kowa. Bangon gidaje ya matso.

Warin yana ƙaruwa.

Na ji ƙarar ruwan kwata. Kowace rakiya tana da iyaka, mai rakiya ba ya bin baƙo har gida. Na tsaya inda siminti ya ƙare. Na ce nan zan koma, su sauka lafiya.

Wani abu ya riƙe bakin rigata.

Na juya baya. Na yi taku ɗaya. Rigar ta yage.

Sai na ji muryar Zuleha a bayana, daga cikin kwatar, muryar da na sani tun tana goye.

"Baba, ku shigo. Akwai wuri."

Wuyana ya so ya juya da kansa. Na riƙe haɓata da hannu biyu. Na tafi ina jan ƙafa, tana kira, tana matsowa, har numfashi yana taɓa ƙeyata.

Ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya. Kiran da ke bayana ya ɗauke.

Ban san yadda na kai ƙofa ba. Na buga. Sadick ya haska mini fitilarsa ta taga, ya daɗe yana duban fuskata kafin ya zare sakata. Ban ji haushinsa ba.

Zuleha tana zaune a ƙasa tana kuka ba sauti. Ba ta tuna komai ba bayan maimaitawar farko. Kyamarar ta mutu da kanta. Sadick ya zaro ɗan katin da bidiyon yake ciki. Ya ce in aka sa shi a waya, duk gidan da aka kunna shi an yi gayyatar ke nan. Da hannunsa ya jefa shi murhu. Kwanonin kuwa na haɗa su a buhu na binne.

Mun sake tallar da safe, a ƙofar gaba, da hon da walda da komai. Ni na tsaya. Na ce akwai tuwo, akwai miya, na faɗi inda muke. Sadick ya ce ya isa. Ciniki ya ɗan ƙaru. Ƙofar baya na sa magini ya toshe ta da bulo.

Muryar Zuleha ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo, ta dawo da komai ban da kalmomin tallar nan. In baƙo ya yi sallama sai ta buɗe baki, abin ya tsaya, ta nuna masa benci da hannu.

Maƙwabta sun daina bin lungun da yamma. Idan rana ta yi ja, wani lokaci mukan ji muryarta daga bayan bulon, tana kira da fara'a, kowa da kowa. Zuleha tana zaune kusa da ni, bakinta a rufe. Nakan riƙe hannunta har a kira salla.