Igiyar da Ta Rage

"Legas kuma?" Murjanatu ta saki tsintsiyar hannunta. "Yanzu da safen nan?"

"An gama lodin shanu, Murja," in ji mijinta Safiyanu, yana ɗaure jaka. "Direba na jirana a kasuwa."

Daga bakin titi ta jiyo rugugin tirela. Irin wannan motar ce ta ɗauke mahaifinta tana ƙarama, bayan ya shafa kanta ya ce zai sayo mata takalmi. Har yau ba takalmi, ba gawa, ba labari.

Da wannan ta girma. In ta so mutum, kamar ta ba shi ranta. Ya ɗan juya baya kuwa, sai ta ga maƙiyi. Sau biyu tana cin kwalar Safiyanu tana ihun ya sake ta, sau biyu yana saki cikin fushi, ita kuma ta koma tana kuka kamar za ta mutu. Igiya ɗaya ta rage musu. In ta tsinke, shi ke nan.

Surukarta ta ce aljanu ne, aka sha ruƙiyya da hayaƙi. Daga baya Safiyanu ya kai ta Damaturu wurin wata likitar ƙwaƙwalwa.

"Ba aljani ba ne, ba kuma mugun hali ba," in ji likitar. "Ciwo ne. Tsoron a tafi a bar ki ne ya girma tare da ke. Ƙwaya kaɗai ba ta warkar da shi. Za mu riƙa zama muna magana, har ki koyi tsayawa kafin bakinki ya riga ki. In abin ya taso, nemi ruwan sanyi tukuna."

Ga shi yanzu ya taso. Hannunta ya kama kwalarsa.

"Safiyanu, ka..."

Ya runtse ido. "Murja, don Allah..."

Ta sake shi ta ruga gindin randa, ta cika kwano ta tsoma fuskarta. Cikin sanyin ta ga bayan mahaifinta yana hawa mota. Ta ɗago, ta ja numfashi a hankali, ta sake tsomawa.

"Tsoro nake ji," ta ce, ruwa da hawaye na zuba tare. "Ji nake ba za ka dawo ba."

Ya durƙusa, ya share mata fuska da bakin rigarsa. "Na sani, sanyin idona. Faɗa min me zan sayo miki."

"A'a! Kada ka sayo min komai!"

Nan take ya gane.

"To, ba tsaraba. Ni kaɗai zan dawo, in Allah Ya yarda."

Ta raka shi har zaure. Jim kaɗan wata tirela ta yi ruri ta ɗauki hanyar Kano. Murjanatu ta dafa bango, ta saurara har ƙarar ta ɓace.

Sannan ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta.