Maki Biyun da Semesa Ya Rasa

Ranar da Semesa ya fara shiga ajin Turanci na cocinmu na 'yan Fiji a garin Griffith na Ostiraliya, hannunsa duk karcen ƙayar lemu. Litia na gaban allo tana koyar da siffar da ke biyo bayan aikatau mai haɗawa.

"Kai sabon zuwa, ba ni misali."

Ya miƙe, ya haɗa Turancinsa da ƙyar, ya ce malamar kyakkyawa ce.

Aji ya kwashe da dariya. Litia ta ce, "Jimla ta yi daidai, rashin kunya ne ya yi yawa. Zauna."

Daga nan fa shi ke nan, soyayya ta ƙullu.

Sai dai bizarsa saura wata biyu. In bai ci jarrabawar Turanci ba, sai komawa gida Fiji. Mahaifin Litia, dattijo Peniasi, ya kafe: "Takardar zama yake nema, ba ke ba. Ga Jone mai sonki, haifaffen nan, me ya rasa?"

Semesa ya duƙufa. A kan tsani yana tsinkar lemu, bakinsa na bitar darasi har abokan aiki suka sa masa suna Farfesa.

Sakamako ya fito. Maki biyu ya rasa.

Ta rubuto masa: "Semesa nawa, mu je a ɗaura mana aure a ofis gobe. Ba zan iya rabuwa da kai ba, wallahi ba zan iya ba."

Ya amsa: "Malamata, in na yi haka maganar Baba ta tabbata. Gara in rasa Ostiraliya."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ranar tafiya ya biya gidan su Litia da jakarsa. Ya zauna a ƙasa, ya ajiye tabua, haƙorin ƙaton kifin da ake neman aure da shi a Fiji.

Peniasi ya daka tsawa: "Kai! Wane ango ke kawo tabua da hannunsa? Ina manyanka?"

"Suna tsibirinmu Kadavu, Baba. Can zan koma yau."

Dattijo ya dubi jakar.

"Mai farautar takarda ba ya haɗa kaya. Ɗauki abinka, ka ba kawunka. Mu za mu zo ya miƙo mana yadda ya kamata."

A Kadavu aka ɗaura auren, watan Disamba. Peniasi ne ya fi kowa kuka. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a mai albarka.